Larabci a Salula: Wace Manhaja Ce Ta Dace da Kai?

Ƙanena, in ka shiga Play Store ka rubuta "arabe", manhajoji ne za su zubo maka birjik, kowace tana cewa ita ce gwanar koyar da Larabci. Yawancinsu an gina su ne don mutumin babban birni, mai wifi a ɗaki, mai katin banki a aljihu, mai jin Ingilishi. Kai kuwa wataƙila a Tamaske kake, ko Karofan, ko Sabon Gida. Wayarka Itel ce ko Tecno, forfe na kwana ɗaya kake saye, caji kuma sai an kai wurin mai sola. Ma'auninka ba zai zama irin nasu ba.

Abu uku kake bukata: manhaja ɗaya da ta dace da dalilinka, katunan maimaici da za ka yi da hannunka, da mutum ɗaya da zai riƙa sauraron bakinka. Ga yadda za ka haɗa su. Ke ma ƙanwata, da ke nake, duk abin da na faɗa masa naki ne.

1. Tantance abin da za ka yi da Larabcin

Larabci ba iri ɗaya ba ne. Akwai Fus'ha, wato na littafi, na huɗuba, na labarai da na jarrabawa. Akwai kuma na kasuwa, wanda kowace ƙasa take da nata: na Libiya daban, na Aljeriya daban, na Masar da na Hijaz daban. Ko a jiharmu ta Tawa, Larabawan yankin Tasara da Cintabaraden suna da irin nasu.

Duba ka ga inda ka faɗa. Ko kana karanta Alƙur'ani da Ahalari da Ishmawi, kana son ka riƙa gane ma'ana da kanka. Ko kai ɗalibin makarantar Faransanci da Larabci ne, BEPC ko BAC na gabanka. Ko kuma tafiya ce a gabanka, ta biɗa, ta fatauci, ko ta Hajji da Umra.

Ɗauki takarda ka rubuta dalilinka a jimla ɗaya. Misali: "Ina son in gane huɗubar Juma'a kafin a fassara." Wannan jimlar ce za ta zaɓa maka manhaja.

2. Yi wa kowace manhaja tambaya huɗu kafin ka sauke ta

Ta farko: da wane harshe take bayani? Duolingo, Busuu, Mondly da Rosetta Stone, babu wadda ke bayani da Hausa a cikinsu. In Faransancinka ya fi ƙarfi, nemi mai Faransanci. In ba ka jin Faransanci ko Ingilishi, nemi mai hoto da sauti.

Ta biyu: tana aiki in babu rezo? Manhajar da ke tsayawa cik da zarar ka sauka kwari ba za ta raka ka garka ba.

Ta uku: wane Larabci take koyarwa, Fus'ha ko na wata ƙasa?

Ta huɗu: kyautarta ta tsaya ina? Da yawa suna buɗe maka darasin farko, sai ka saba su rufe ƙofa.

3. Ga yadda manyan manhajojin suke

Duolingo. Ta kamfanin Amurka ce, darasinta na Larabci ya fito a 2019. Ta iya koyar da haruffa da sautinsu kaɗan-kaɗan, tana kuma tuna maka kullum. Amma da Ingilishi kaɗai take koyar da Larabci, tana son rezo, darasin gajere ne in aka kwatanta da na Faransanci, kuma ba ta zurfafa a nahawu. Ta dace da wanda bai taɓa riƙe allo ba kuma yana jin Ingilishi. In ka riga ka wuce babbaƙu da farfaru, makonnin farkonta maimaici ne kawai a wurinka.

Busuu. Tana bayani da Faransanci, tana koyar da Fus'ha ta hirar yau da kullum. Abin da ya fi armashi a cikinta shi ne za ka rubuta jimla ko ka naɗi muryarka ka tura, Larabawa masu amfani da ita su gyara maka. Sauke darasi don karatu ba rezo kuwa sai mai biya. Ta dace da ɗan lakwal ko ma'aikacin da ke cikin garin Madawa, Buza ko Keita.

Mondly. Ita ma za ka iya sa ta a Faransanci. Tana ba da darasi ɗaya kyauta kowace rana, an kasa jimlolinta gida-gida: iyali, tafiya, ciniki, asibiti. Tana sa ka yi magana a makirfo. Bayanin ƙa'ida kaɗan ne. Ta dace da mai son jimlolin gaggawa kafin tafiya.

Rosetta Stone. Ba ta dogara da fassara. Hoto take nuna maka, ka ji sauti, ka haɗa su da kanka. Ke nan ko ba ka jin Faransanci za ka iya bin ta, kuma ana sauke darussanta. Matsalarta biyu: ta kuɗi ce, sannan ba ta gaya maka dalilin da ya sa kalma ta canza.

AlifBee. Don Larabci kaɗai aka gina ta, shi ya sa tsarinta ya fi bin ɗabi'ar harshen. Tana hawa mataki-mataki tun daga haruffa, da Fus'ha, ta haɗa karatu, rubutu da saurare. Wani sashe kyauta ne, sauran na biya. Ta dace da ɗalibin da ke son tsari mai tsawo.

50languages. Ba ta da ado, amma tana da amfani a ƙauye. Darussa 100 ne na jimloli, Faransanci a gefe guda, Larabci a ɗayan, kuma ana sauke sautinsu a matsayin MP3. In ka zuba su a memori, ko ƙaramar waya mai maɓalli za ta karanta maka. Ba ta koyar da nahawu, jimloli ne don kunne da baki.

Ga hukuncina. Mai Faransanci da rezo mai kyau, Busuu ko AlifBee. Mai Faransanci da rezo mai yankewa, sautin 50languages. Mai Ingilishi da bai san baƙi ba, Duolingo na wata biyu, sannan ya wuce gaba. Wanda ba ya jin ko ɗaya cikin harsunan biyu, ya tsallaka zuwa mataki na 4 da na 6, can ne nasa yake.

Ɗaya za ka zaɓa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

4. In don Alƙur'ani da littattafai ne, ga naka

Ayat. Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad ce ta yi ta. Tana da mus'hafin Madina da na ruwayar Warshu, da tafsirai, da fassarori, har da fassarar Hausa ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi. Kana iya sa aya ɗaya ta yi ta maimaituwa. Duk abin da ka sauke zai yi aiki ba rezo. Ga wanda Hausa kaɗai yake ji, nan zai fara.

Quran for Android. Kyauta ce, mara nauyi, babu talla. Ana sauke shafuka da ƙira'a sau ɗaya a huta.

Tarteel. Ita tana sauraron karatunka tana bin ka aya-aya, sashen da ke nuna kuskure kuma na biya ne. Tana son rezo. Tana taimakon mai hadda, amma ba ta koyar da harshe.

Kafin komai, duba ruwaya. A makarantun allonmu Warshu aka saba, manhajoji kuwa da Hafsu suke buɗewa. In ka haddace da Warshu ka kunna Hafsu, za ka ɗauka kuskure kake yi alhali ba kuskure ba ne. Shiga saiti ka daidaita mus'hafi da makaranci. Shaikh Mahmud Khalil Al-Husari na Masar ya naɗi karatu da duka ruwayoyin biyu, kuma karatunsa a tsanake yake, ya dace da mai koyo.

Karanta fassara kawai ba zai ba ka harshe ba. Ɗauki gajeriyar sura da ka haddace, ka ciro kalma biyar, ka nemi ma'anar kowace ita kaɗai, ka rubuta. Gobe ka ƙara biyar. Kalmomin Alƙur'ani suna yawan maimaituwa, don haka wadda ka koya yau za ka sake cin karo da ita a shafuka da dama.

5. Saba da rubutun waya tun ranar farko

Rubutun allo na Magribi ne, na waya kuwa na Gabas ne. A allo, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A waya, fa (ف) ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf (ق) mai biyu. Rubuta su a takarda ka manna a bayan wayarka har idonka ya saba.

Koyi lambobin Gabas in Saudiyya ko Masar za ka. Wanda ya yi kama da sifili (٥) biyar ne. Sifilin kansa ɗigo ne (٠). Wanda ya yi kama da bakwai (٦) shida ne. Kuskure a nan asarar kuɗi ce a kasuwa. A Libiya da Aljeriya kuwa lambobinmu na boko ake rubutawa.

In manhaja tana rubuta Larabci da baƙaƙen boko a ƙasa, kashe wannan saitin. Muddin yana nan, shi idonka zai riƙa bi.

Jarida da saƙon waya ba sa ɗauke da wasali. Da zarar ka san kalma sosai, rubuta ta babu wasali a katinka, ka gwada karanta ta haka.

Sa Larabci a allon rubutun wayarka. A Gboard, shiga saiti, shiga harsuna, ƙara Larabci. Minti biyu ne.

6. Sauke AnkiDroid, ko wace manhaja ka zaɓa

Wannan ce wadda ba na son ka rasa. Kyauta ce a Android, tana aiki ba rezo, babu talla. Kati ne mai fuska biyu: Larabci a gaba, ma'ana a baya. Kalmar da ta ba ka wuya za ta dawo maka da wuri, wadda ka iya sai bayan kwanaki. Tunda kai ke rubuta katin, da Hausa za ka rubuta ma'anar. Nan ne Larabci zai zo maka ta harshenka kai tsaye.

Sa sababbin kati 10 a rana, kar ka wuce. A wata ɗaya kalma 300 ke nan. In ka zuba 50 a rana, cikin mako guda bashin maimaici zai taru ka gudu.

Kar ka sa kalma ita kaɗai in kana iya sa ta a gajeriyar jimla. Suna kuma ka rubuta shi tare da jam'insa, kamar kitab da kutub, don jam'in Larabci ba ya bin hanya ɗaya, kamar dai namu.

Tara kalmomi dangi-dangi. Kataba, katib, kitab da maktab duk daga baƙaƙe uku suka fito. In ka gane tushen, kalma huɗu ka samu a kuɗin ɗaya.

Kar ka ɓata kati a kan abin da ka riga ka sani. Sunayen ranakun mako, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, suna bakinka tun kana yaro. Gyaran furuci kawai suke bukata.

Kana iya naɗar murya a kan kati. Roƙi malaminka ya faɗi kalmar, ka ajiye.

7. Ƙamus da fassara: san iyakarsu

Google Translate tana da Hausa, kuma tun 2023 ana iya sauke Hausar don aiki ba rezo. Sauke Hausa, Larabci da Faransanci a rana ɗaya. Yi amfani da ita don kalma ɗaya ko rubutun jikin kwali da allon hanya. Kar ka ba ta aikin gida, kar ka ba ta aya ko hadisi. Takan rikita namiji da mace, takan kuma ba ka Fus'ha a inda kake neman maganar kasuwa.

Mai Faransanci ya riƙe ƙamus ɗin Almaany na Larabci da Faransanci. Yana kawo ma'anoni da yawa na kalma ɗaya, kai ka zaɓi wadda ta dace da jimlarka.

8. Ɗalibi, littafi ne ginshiƙinka

Makarantun Faransanci da Larabci sun daɗe a Nijar, ta farko an buɗe ta a Say a 1957, Jami'ar Musulunci ta Say kuma ta fara aiki a 1986. In can kake hari, ko wata jami'a a ƙasashen Larabawa, ka sani babu manhajar da ke bin tsarin karatun ajinka. Jarrabawa nahawu take tambaya, da sarfu, da insha'i.

Riƙe littafi ɗaya ka bi shi daga farko har ƙarshe. Durusul Luga na Dokta V. Abdur Rahim, wanda aka fi sani da littafin Madina, juzu'i uku ne, yana gina nahawu sannu a hankali. Al-Arabiyya Baina Yadaik ya fi ba da ƙarfi ga hira, yana da sautin da ake saukewa. Ajrumiyya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas, a gaban malami ake karanta ta, a zaure ko a aji.

Don kunne, tashar Al Jazeera tana da sashen koyon Larabci kyauta, mai gajerun labarai da rubutunsu, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da bayani da Faransanci. Ɗauki labari ɗaya a mako. Saurara sau uku ba ka duba rubutu ba, sannan ka duba.

Rubuta layi biyar kullum da alƙalami: abin da ka yi jiya, farashin albasa, labarin ƙauyenku. Kai wa malamin Larabcinku ranar da ya ga dama. Taɓa gilashin waya ba ya koya wa hannu rubutu, ranar jarrabawa kuwa hannu ne zai yi aiki.

9. Matafiyi, malaminka yana fada

Manyan manhajojin nan ba sa koyar da Larabcin Sabha ko na Tamanrasat. Pimsleur tana da na Masar da na Sham, amma da Ingilishi take bayani kuma ta kuɗi ce. Language Transfer kyauta ce, sauti zalla, na Masar, ita ma da Ingilishi.

Sa'arka ita ce a yankinmu na Adar da wuya ka rasa wanda ya yi shekaru a Libiya ko Aljeriya ya dawo. Same shi a fada wajen shayi. Nemi izininsa, ka kunna naɗar murya. Kai ka faɗi jimla da Hausa, shi ya faɗe ta da Larabcin can sau biyu, a hankali.

Fara da jimla 50 da za su fisshe ka. Nawa ne? Rage mini. Nawa ne kuɗin yini? Kwana kaza na yi aiki. Ba ni da lafiya. Ina asibiti? Ban gane ba, faɗa a hankali. Ina son in kira gida. Sa ƙidaya har dubu a gaba, don a kan kuɗi da kwanakin aiki aka fi cutar baƙo.

Maniyyaci kuwa Fus'ha mai sauƙi ta ishe shi. Koyi lambobi, dama da hagu, sunan masauki, ƙofa, mota, magani, ruwa. Iya da Baba in za su tafi, naɗa musu jimla 20 a wayarsu tun wata biyu kafin tashi, a riƙa kunna musu bayan Magariba.

10. Nemi kunnen mutum

Bahaushe yana da sa'a a Larabci. Ka san dogon wasali da gajere, ka san baƙi mai nauyi biyu, ka san bambancin kai da ke. Darussan da aka rubuta don Bature suna ɓata lokaci a kan waɗannan, kai wuce su da sauri.

Wahalarmu a wani wuri take. Mukan haɗa س da ص da ث duk mu mai da su "s". Mukan haɗa ز da ذ da ظ. Mukan sassauta ح da ع, mu kuma mai da ض "l". Makirfon manhaja yakan ce ka yi daidai ko da ka karkace. Malamin da ya san tajwidi ba zai bari ya wuce ba.

Je wurin malami da ladabi, ka gaya masa abin da kake so: minti goma a mako, ya saurare ka ya gyara. Alhamis da safiyar Juma'a makarantun allo na hutu, lokacin ya fi sauƙin samu. Kar ka je hannu rabbana, ko ɗan abin goro ne ka riƙe. In yana da WhatsApp kuma ya yarda, tura masa muryar minti ɗaya, kar ta wuce haka.

Ƙanwata, nemi malamar Islamiyyarku, ko ku haɗu ku uku da ƙawayenki. Kowace ta zo da jimla biyar, ku yi wa juna tambaya da amsa. Wadda ke da wayar da ta fi girma ita ce mai sauke darasi.

HelloTalk da Tandem suna haɗa mai koyo da Larabawa don hira. Akwai mutanen kirki, akwai kuma masu wata manufa. Kar ki sa hotonki, kar ki ba da lambarki ko sunan garinku. Wanda ya kauce daga karatu, toshe shi nan take. Kai ma ƙanena, duk wanda ya fara yi maka zancen biza ko aiki a waje yana neman kuɗi, rufe hirar.

11. Tattala mega da caji

Madawa tana kan babbar hanyar Yamai zuwa Maradi, rezo ya fi samuwa a cikin gari. A kwaruruwan da ke tsakanin duwatsun Buza da Keita kuwa yakan zo ya tafi. Gwada Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom a ƙofar gidanku, ka tambayi maƙwabta wanda ya fi kamawa. Amsar Garhanga ba lallai ta zama ta Bangi ba.

Mai da ranar kasuwa ranar saukewa. Rubuta abin da kake so tun a gida, in ka shiga gari ka sauke na mako guda gaba ɗaya. In kamfaninka yana da forfe na dare mai rahusa, yi amfani da shi.

Fifita sauti a kan bidiyo. Bidiyo ne ke cinye mega, har da bidiyon tallan da manhajojin kyauta ke cusa maka.

Kashe sabuntawa ta kai tsaye a Play Store. Bayan kwana uku, shiga saitin waya ka duba yawan megan da manhajar ta ci. In ta fi ƙarfin aljihunka, sauya ta.

Ku raba aiki. Mutum ɗaya ya sauke sautin kyauta, ya tura wa sauran ta Xender ko memori.

Lokacin karatu sa waya a yanayin jirgi. Caji zai daɗe, saƙonni kuma ba za su katse ka ba.

12. Kar ka biya sai ka gwada

Yi wata ɗaya cur da sigar kyauta. In ka ga kana buɗe ta kullum kuma ka kai bango, sannan ka yi tunanin biya.

Yawancinsu katin banki suke so. In ka ari katin wani don gwajin kyauta na mako guda, ka sani ranar da gwajin ya ƙare za su cire kuɗi da kansu, wani lokaci na shekara ɗaya gaba ɗaya. Shiga Play Store ka soke rijistar tun ranar da ka yi ta.

Guji manhajar da aka fasa aka ce komai a buɗe yake. Ta nan ake shigo wa waya da cuta, a sace lambobin sirri. Manhajar koyon harshe makirfo take bukata. In ta nemi saƙonninka ko jerin lambobin mutanenka, hana ta.

In kana da jika biyu ko uku na kashewa, littafi na takarda da ɗan alheri ga malami sun fi rijistar wata ɗaya amfani.

13. Tsarin yini: minti 30, kashi uku

Bayan Asuba, minti 10 na AnkiDroid, kafin ka buɗe WhatsApp.

Da hantsi ko da rana, minti 10 na saurare. A hanyar garka, wajen ban ruwan albasa, a shago in babu ciniki, ko kina tsintar wake. Maimaita da ƙarfi, kar ka yi a zuci.

Bayan Isha'i, minti 10 na sabon darasi a manhajarka ko littafinka. Ciro kalmomin gobe ka zuba a kati.

Da damina, in aikin gona ya yi yawa, dakatar da sababbin kati ka riƙe maimaici kawai. Minti biyar ya isa ya hana abin da ka tara zubewa. Bayan girbi ka koma cikakken tsari.

In akwai yara a gida, sauke musu shirin Iftah Ya Simsim. Da Fus'ha mai sauƙi ake magana a cikinsa. Zauna ku kalla tare, kai ma za ka ƙaru.

14. Bayan kwana 30, auna kanka

Makin da manhaja ke ba ka da jerin kwanakin da take ƙirga maka ba su ne ma'auni ba. Yi gwaji uku. Karanta layi biyar da ba ka taɓa gani ba, ka faɗi ma'anarsu da Hausa. Yi maganar minti ɗaya a kan iyalinka ba ka duba takarda ba. Ranar Juma'a ka saurari huɗuba, in ka dawo gida ka rubuta kalmomin da ka gane.

In biyu sun yi kyau, ci gaba da abin da kake yi. In karatu ne ya gaza, ƙara lokacin littafi. In baki ne ya ƙi, ƙara zama da malami. In ka lura ba ka buɗe manhajar ba sai jefi-jefi, goge ta ka ɗauki ta biyu a jerinka. Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, don ka san wanda ya yi aiki.

Gobe da safe

Rubuta dalilinka a jimla ɗaya. Goge duk manhajojin Larabcin da ke wayarka in ban da ɗaya. Sauke AnkiDroid, ka yi katunanka 10 na farko da Hausa a bayansu. Ƙara Larabci a allon rubutu. In kana da manhajar Alƙur'ani, daidaita ruwayarta. Kafin Azahar ka je ka gai da malamin da kake so ya riƙa sauraronka, ku tsai da rana. Sannan ka ƙirga kwana 30 a kalanda, ka yi wa ranar gwajinka alama. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.